Kwanon Dije

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinki, na zo miki da labarin autarki Dije, wadda kika bar mini amana.

Kin tafi ana ta zancen samun 'yancin kai, ga shi an samu, har 'yan makaranta sun zo gida da 'yan tutoci. Ni dai ban leƙa bikin ba, ina tsakar gidanmu a unguwar Wunti ina gadin kwanon tuwo.

Tun bayan sadakar arba'in ɗinki Dije ta rage cin abinci. Kin san kwano ɗaya muke sa hannu, wa zai ƙirga lomar wani? Ta gutsura, ta juya a miya, ta wanke hannu. Su Goggo kuwa sai yabo, wai ga Bafulatanar asali mai fulako, ba ta nuna yunwa. Sai ranar da awarwaronki da take sawa ya zame daga hannunta ya faɗa cikin turmi na gane yarinya ƙarewa take yi. Na tsorata, Inna, na zaci binki za ta yi.

Goggo ta gwada yi mata ɗure, Dije ta amayar. Baffa ya yi faɗa, ta ƙara rufe baki. A asibiti aka duba ta, aka ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a kan lokaci, kada a tsallake. Faɗa da sauƙi. Da ta ga ido a kanta sai ta janye hannu daga kwanon.

Can na tuna yadda kike yi wa baƙo. Ki ajiye akushi, ki kau da kai, ki ce, “Ba a kallon bakin mai ci.”

Sai na ware mata ɗan kwanonta. Sau uku a rana, bayan salla, mu zauna a tabarma, bayana jingine da nata, ina tsinke zogale ina ba ta labarin banza. Koko da safe, fura da nono da azahar, tuwo bayan magariba. Ban taɓa waiwayawa ba, ke kin san ni da son ganin ƙwaƙwaf. Ta bayana nake jin ta haɗiye. Wata rana ta cinye, wata rana kwanon ya koma yadda ya zo, in rufe shi, washegari mu sake zama.

Jiya na yi miyar kuka. Muna zaune, na ji ta tsaya. Can ta ce, “Yaya, miyar nan ba ta kai ta Inna ba. Daddawa ta yi kaɗan.”

Tun rasuwarki ba ta ambaci sunanki ba, kuma ba ta ce ga ɗanɗanon komai ba. Na bar hawaye suna zuba a kan zogalen, ban juya ba. Da sauran tafiya, na sani, har yanzu awarwaron yana mata yawa. Amma yau na ƙara daddawa.

Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya ba ni ikon riƙe amanarki har ta tsaya da ƙafarta.

Taki har kullum,
Asabe