Kwalbar Gaetano ta Ƙarshe

Griffith, 3 ga Mayu

Yaya Concetta,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki mai kewarki. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ya maigidanki Salvo da jikoki? Ni lafiya lau, sai dai shirun gida.

Albishirinki, ɗana Renzo ya buɗe gidan abincinsa a Melbourne, irin na Turai, har da wurin zaman masu shan giyar inabi. Asabar zan je. Kin tuna giyar inabin da maigidana Gaetano ya matse a gareji shekarar da ya rasu? Kwalba ɗaya ta rage. Da bakinsa ya ce in ajiye ta sai ranar da ɗanmu ya buɗe wurin kansa, a sha da sunansa. Tuni na naɗe ta a tawul.

Taki,
Assunta

Griffith, 12 ga Mayu

Yaya Concetta,

Ina fatan kun wuni lafiya, ke da mutan gidan. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Na je. Wuri ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Renzo ya rungume ni, ya zaunar da ni kusa da taga. Ina kwance tawul ɗin, sai na ga fuskarsa ta sauya.

Ya rage murya ya ce, "Mama, nan ba a shigowa da giyar gida."

Na ce, "Tun kana goye muke zuwa cin abinci da kwalbarmu, ba wanda ya taɓa hana mu. Ta ubanka ce."

"Wancan a ƙananan shaguna ne. Kawo, na san yadda zan yi da ita."

Ya shige kicin da ita, yana kare ta da jikinsa kada baƙi su gani. Ni kuwa sakarya, na zauna ina jiran kofuna biyu. Wani mai kawo abinci ya tsaya a kaina yana jero min sunayen giyar gonakin inabin Faransa. Na ce masa na gode, tawa tana zuwa.

Can sai ga Renzo da farantin naman sa, miya baƙa ƙirin tana sheƙi. Loma ɗaya na yi na gane. Shekara nawa ina shan giyar mutumin nan?

Ya ce yana murmushi, "Kin gani? Ta ɗan yi tsami, amma a miya ta yi daidai."

Yaya, ya juye ta duka a tukunya. Bai ɗanɗana a kofi ba, bai ambaci sunan ubansa ba. Kuma har zuciyarsa gani yake ya kyauta min, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ban yi kuka ba. Na cinye naman tas, na sa burodi na suɗe farantin, mutanen teburin kusa suna kallona. Abin da ya rage na Gaetano ke nan, ba zan bar wa mai wanke-wanke ba.

Renzo ya kira sau da yawa, ban ɗauka ba tukuna. Ki gaida Salvo, ki kula da ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Assunta