Kada a Raba Mu da Bijimin Watanda

Zuwa ga Baba Dogara, Shugaban Watandar Unguwarmu, Kafanchan.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ladabi. Ni ce Rahila, matar Yakubu direba, wadda mata ke tsokana wai tuwo na ƙonewa ina karatun littafin soyayya. Yau na ajiye littafin, don hankalina ya tashi.

Na ji an yanke cewa bana ba za mu sayi bijimi wurin Baffa Ori makiyayi ba, wai wani mahauci zai kawo nama yankakke daga Sabon Tasha, ya fi araha.

Na ɗaya, Baba, ka fi ni sanin amfanin watanda. Gida ɗaya ba ya iya sayen bijimi, amma gidajenmu in sun haɗa hannu suna iyawa. Baffa Ori ya huta da dillali da kora dabba kasuwa, shi ya sa yake yi mana ragi. Mu kuma muna ganin bijimin da ransa, a kasa shi gabanmu, kai da ƙafa su zagaya gida-gida. Tun damina yake kiwata mana wannan jan bijimi a kan magana kawai. Wa zai je ruga ya gaya masa?

Na biyu, kuma shi ne ke hana ni sukuni. Kullum Malam Sule ne ke yanka, ko na Sallah ko na Kirsimeti, don kowa ya ci. Naman da ya sha hanya, wa ya san hannun da ya yanka shi? Maƙwabciyata Inna Habiba ce ta koya mini dambun nama da aka kawo ni amarya. Bayan tashin hankalin da garin nan ya gani, kwanona ne ya fara ƙetare katangarmu, ta karɓa don ta san yankan. Bana ba za ta yi ƙorafi ba, na san halinta. Za ta yi godiya, ta rufe kwanon, ba wanda zai taɓa. A littafi masu rabuwa kan shirya a shafin ƙarshe. A unguwa ban tabbata ba.

Ina roƙo a sake zama kafin Kirsimeti, a kira mata, mu da ke dafawa muna aikawa. In tsada ce, a rage mana kashi, mun yarda.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa kwanona ya dawo mini a wanke.

Wassalam.
'Yarka, Rahila Yakubu.