Rabin Kofi

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan da nake kurɓa in ƙishi ya kai ni maƙura, maigidana uban 'ya'yana, kai da 'yan unguwa suke kira Na Sama,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta leƙa ramin mutuwa aka janyo ta baya. Mun sauka daga jirgin sama ni da Auta, babu wadda ta ji ciwo. Babbar 'yarmu tana samun ƙarfi bayan haihuwar, jaririn kuwa ya kwaso hancinka bai rage komai ba. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta, domin abin da ke biye ba na kwantar da hankali ba ne.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san da furfurata na shiga ajin manya, har yau layina tafiyar tururuwa yake yi. Za ka ce me ya hana ni kiran ka a waya? Ai na kira, muna sauka. Ban gama buɗe baki ba ka kwashe da dariya ka ce, "Haba Malama, ɗan gargada ne fa, titin ƙofar gidanmu ma ya fi shi ramuka." Ka ja ni da wasa har na kashe wayar ban faɗi abin da ke cina ba. To takarda ba ta jin wasa, kuma ba ka da ikon katse ta. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe kafin ka shiga ofishin manajanku ranar Litinin.

Da farko komai lafiya lau. Na yi yadda ka koya mini, na ɗaura bel, na ɗaura wa Auta, na ba ta alewa saboda kunnenta. Da muka huda gajimare na gan shi shimfiɗe a ƙarƙashinmu fari fat kamar audugar da aka baza a rana, sai na ce a raina, ashe nan ce gonar mijina! Har haushinka na ji, da ka daɗe kana kallon wannan kai kaɗai. Abokiyar aikinka, doguwar yarinyar nan mai wushirya da ka damƙa mu a hannunta, ta turo keken shayi ta ce, "Mama, yau ke ce babbar baƙuwarmu." Ta zuba mini shayi rabin kofi. Na dubi kofin na ce mata ashe rowar nan ba ta mijina kaɗai ba ce, a wurin aiki ake raba muku ita.

Ban kai kofin baki ba tagar ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Matuƙi ya yi magana a lasifika da sauri, ban kama komai ba sai "kowa ya zauna". Sai jirgin ya faɗa. Ba girgiza nake nufi ba, rabin raina, faɗuwa nake nufi, irin ta gugan da igiyarsa ta tsinke a bakin rijiya. Shayin ya bar kofin ya tsaya a iska a gaban idona, wallahi na gan shi, kafin ya watsu a rufi. Wani bawan Allah da bai ɗaura bel ba ya tashi kamar an cilla shi, kansa ya daki rufin, ya dawo kan kujera yana kiran uwarsa, mutum da gemunsa. Murfin ma'ajiyar kaya ya ɓalle, wata jaka ta faɗo ta fashe a tsakiyar hanya. Salati ta ko'ina, kukan jarirai, warin amai. Muka ɗan daidaita, na ce an gama, sai aka sake fyaɗa mu gefe kamar kyanwa ta kama ɓera tana wasa da shi. Walƙiya ta haska, na ga fiffiken yana lanƙwasawa sama da ƙasa kamar reshe a bakin guguwa. Ƙarfe fa! Ƙarfen da ka ce mini ko giwa ta hau ba ya motsi!

Auta ta nutsa farcenta a hannuna tana ihu, "Mama, a tsaya mu sauka! Ki ce Baba ya zo!" Me zan ce mata? A gida in hadari ya taso ina da ɗaki, ina da ƙofar da zan rufe, ina da zanen da zan lulluɓe ta. A can kuwa bel ya ɗaure ni ya ɗaure ta, ko a cinya ba ni da ikon ɗora 'yata. Wace irin uwa ce wannan, da 'yarta ke kiran ta daga nisan taƙi ɗaya ta kasa rungumar ta? Na rufe mata ido da tafina kawai, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, wata daga tsakiya, wata daga ƙarshe.

Amma ba faɗuwar ce ta hana ni cin abinci tun da muka zo ba. Abin da na gani a wurin mai wushirya ne.

Ruwan zafi ya kwararo mata a wuyan hannu lokacin da take kokawa da keken, ko tari ba ta yi ba. Ta danna shi cikin gurbinsa ta kulle. Ta bi ƙofofin ma'ajiya tana dafa kujeru, kowace ƙofa sai ta rufe ta kuma ta sake dannawa da tafi. Sannan ta zauna a 'yar kujerarta mai naɗewa da ke kallon fasinja, ta ja bel, ta cusa hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, ta ɗaga kai ta yi mana murmushi. Idonta ya cika taf da tsoro, amma haƙoranta a waje.

Na san wannan murmushin, hasken gidana. Na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Shi kake shigo mini da shi gida duk ranar da ka dawo aiki cikin damina, in tambaye ka yaya hanya, ka ce, "Kamar kan katifa, Malama, har gyangyaɗi na yi."

A nan cikin jirgin, ana jijjiga mu kamar tsakuwa a gwangwani, gidanmu ya dawo mini ɗaki bayan ɗaki. Kai ne ba ka wuce kabad ɗin kwanuka sai ka rufe shi ka sake dannawa, har yara suna kwaikwayon ka a bayan idonka. Kai ne ba ka taɓa cika kofi ba, naka ko na baƙo, in na cika maka kuma sai ka rage shi a wani kafin ka sha, idonka a kan ruwan kamar zai gudu. Shekara da shekaru ina yi maka tsiya, ina kiran ka mai rowar shayi a gaban ƙannenka, kana taya mu dariya.

Ka tuna daminarmu ta farko a ɗakin hayar nan mai yoyo? Wata la'asar hadari ya haɗo, aka saki tsawa, na juyo daga jera kwanonin tarar ruwa na same ka zaune a bakin gado, baya a miƙe, hannuwa a ƙarƙashin cinya. Na ce, "Kai kuma ƙwai kake kwantawa?" Ka ce sanyi kake ji. Na zaro hannuwan nan na sa su cikin nawa ina hura musu iska, muka zauna haka har ruwan ya ɗauke, kwanonin suka cika suka tumbatsa babu wanda ya tashi. Duk rayuwata in ina son in tuna daɗi, wannan la'asar nake ɗaukowa. Ashe mutumin da ke cikin tsoro na riƙe ban sani ba!

Da muka sauka aka buɗe ƙofa, mutane suka yi ta rige-rigen fita, ni na tsaya. Na iske mai wushirya a bayan labule tana naɗe hannunta da jiƙaƙƙen tsumma. Na ce, "'Yata, haka kuke fama?" Ta ce, "Mama, wannan ai ƙaramin alhaki ne, da damina kusan kullum sai mun sha irinsa. Baba bai ba ki labarin ranar da fulas ya ƙone shi ba?" Na ce mata tabon hannunka dutsen guga ne, kai da bakinka ka faɗa mini. Yarinyar nan ta kama bakinta, ta soma neman abin da bai ɓata ba a cikin aljihun keke. Ban ƙyale ta ba, ka san ni. Kada ka ga laifinta, ni na matsa. Ta ce jirgi ne ya faɗa da ku irin na ranar, fulas ɗin tafasasshen ruwa ya taso zai sauka kan wata mata mai jariri a cinya, ka cafe shi ka manna a jikinka, murfin ya buɗe, ka riƙe shi haka har iska ta lafa. Ta ce ɗingishin da ka yi bara ma ba ƙwallo ba ce. Ni kuwa na shafa maka man zafi ina yi maka faɗa, wai tsoho da kai kana biye wa yara!

Don me, inuwata? Don kada in kwana ido biyu? Ai dama ido biyu nake kwana. Ka san ni, in yaro ya yi atishawa sai na taɓa goshinsa, in Auta ta makara daga makaranta sai a same ni tsaye a bakin titi ba takalmi. Na san abin da ya sa ka ɓoye mini ke nan. Ka dubi matarka ka ga tulu mai tsaga, ka ce ba za ka zuba mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Amma dubi inda ɓoyon ya kai mu.

Watan jiya ka same ni ina wanki a tsakar gida, ka tsuguna kusa da baho ka ce manaja ya yi maka tayin aiki a ƙasa, ka riƙa kula da sito kana koyar da sababbin ma'aikata, ya ba ka zuwa Litinin ɗin nan ka ba shi amsa. Ka ce, "Me kika gani, Malama?" Ban ko ɗaga kai daga kumfa ba na ce wa yake barin sama ya koma ƙirgar kwali, kai da aikinka raba shayi ne a bisa gajimare? Ka yi murmushin nan, ka ce, "To shi ke nan." Wayyo ni! Mijina ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, ni na mayar da shi cikin hadari da hannuna mai kumfa. Amsar da na ba ka amsar makauniya ce, kuma kai ka rufe mini idon. Yau ya buɗe, na janye ta.

Ka sauko, sanyin idona. Ka sauko kamar yadda shaho yake saukowa in rana ta yi gora, babu mai ce masa rago. Na san albashin ƙasa bai kai na sama ba. Keken ɗinkina yana nan, idona bai mutu ba, kuma ba yau muka fara cin abinci ba nama ba muna dariya. Na san kuma kana son saman nan, na ga farinta da idona, ba zan ce maka ƙarya kake so ba. Amma ka ba ta ƙuruciyarka, ka ba ta fatar hannunka da idon sawunka. Abin da ya rage nawa ne da na yara, da na wannan jaririn mai hancinka da bai san ƙamshin kakansa ba tukuna. Me zan yi da gida in babu kai a ciki? Wa zai riƙa dannan ƙofar kabad? Wa zai kira ni Malama, ni da har yau sai na sa yatsa nake bin layi?

Ba umarni nake ba ka ba, ban taɓa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Roƙo ne. In ka shiga ofishin nan ka ga ba za ka iya rabuwa da sama ba, zan haɗiye, zan raka ka bakin ƙofa kamar kullum. Sai dai abu ɗaya: kada ka ƙara shigo mini gida da murmushin fasinja. Ni ba fasinja ba ce. In iska ta wahalar da kai ka ce ta wahalar da kai, ka ba ni hannuwan in riƙe, wannan karon da sanin abin da nake riƙewa.

Mai wushirya ce za ta kawo maka wannan takarda gobe, ta yi mini alkawarin hannu da hannu. Ni kuma in mai jego ta miƙe zan sake shiga jirgin nan, ko da hadari ya kai baƙin tukunya, tunda a ɗaya gefen kake. Zan ɗaura wa Auta bel, in zauna a kan hannuwana yadda na ga ana yi, in yi ta kiran Allah har mu taɓa ƙasa.

Abin da nake so in tarar ba shi da yawa. In shigo in same ka a gida da rana tsaka, ƙurar sito a rigarka. In dafa shayi, in ɗauko babban kofin nan naka, in cika shi har baki, har ya yi tozo. In ajiye a gabanka, ka ɗauka ka sha kana kallona, ba kana kallon kofin ba.

Taka ce tun daga ɗaki mai yoyo har ranar da za a mayar da ni ƙasa, babu wani kafinka, babu wani bayanka,

Malamarka mai karkataccen layi