Koren Hasken Agogon Inna

Daren Laraba, Bodinga

Ɗazu na dawo daga ƙauyenmu na bayan Shagari, kuma barci ya ƙi zuwa.

Agogon nan da na saya wa Inna saboda hawan jininta, likita ya ce a riƙa lura da barcinta. Na haɗa shi da wayata, manhajar ta nuna takunta da bugun zuciyarta na rana, amma gurbin barci wayam. Na kashe na kunna, na matse madaurin, na duba caji, har na fara zagin wanda ya sayar mini.

Inna ta gaji da kallona ta ce, "Bar wahal da kanka, Bello, ni ke cire shi da dare. Tun da 'yan bindiga sunka matso, cikin gero muke kwana. Koren hasken nan na ƙarƙashinshi yana ƙyalli cikin duhu, maƙwabta sunka ce zai tona mu."

Na roƙe ta ta biyo ni, ta ce sai an girbe.

Na yini ina neman barcinta cikin waya. Yanzu haka tana kwance tsakanin kunyoyi, idonta biyu.