Karen da Ba Ya Kora

Karantina, Jidda
9 ga Rajab, 1386

Zuwa ga Yayana Na'ibi, a Mai Wurno ta Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Khadijatu da yara. Mu ma lafiya lau, sai kewarku.

Takardarka ta iso, wadda ka ce za ka zo hajjin bana ka koma da Baba gida. Na karanta masa. Mutumin da ya yi sati bai ce uffan ba sai ga shi ya tashi zaune yana tambayar wata nawa ya rage. Ni kuwa madafa na shige na sha kukana. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ba na so ya tafi. Tun da ya faɗi a matakalar jirgin ruwa shekara biyu da suka wuce, ƙugun nan bai ɗoru daidai ba, likita ma ya ce ba zai jure jirgi da ƙurar lori ba. Ban da haka, tun rasuwar Inna shi kaɗai ya rage mini a nan.

Amma shi ma yana da gaskiyarsa. Mutumin da ya shekara hamsin yana farauta, yau ga shi a ɗakin kwano yana kallon bango. Cewa yake Jidda ba ta da daji, sai gishiri da ƙudaje.

Shi ne maigidana, Baban Jamilatu, ya kawo shawarar a samo masa kare, a riƙa kai shi duwatsun Ɗa'ifa inda ake samun makwarwa. Baturen Italiyan da yake tuƙa wa mota ya gama kwangilarsa zai koma ƙasarsu, yana da karnukan farauta biyu, ya ce a zaɓi ɗaya. Akwai mai dogon gashi kamar tunkiya. Wannan ni da kaina na soke shi, don zafin Jidda da kaska za su gama da shi kafin shekara. Ɗayan gajeren gashi gare shi, fari da ɗigon ruwan hanta, kunnuwa a zube. Sai dai Baturen da bakinsa ya faɗi aibinsa cikin guntun Larabcinsa, wai in ya ji tsuntsu tsayawa yake. Baban Jamilatu bai taɓa ganin aikinsa ba, shi kullum a mota ake barinsa yana gadi. Sannan akwai Abdulghani, wani abokinsa mai lambu a Ɗa'ifa, ya ce zai ba mu saluƙi, siririn karen Larabawa mai gudun tsiya.

Tsakar gidanmu ba ta fi tabarma huɗu ba, ga Jamilatu tana shekara huɗu, komai ta gani sai ta runguma. Ɗaya kawai za mu iya riƙewa. Kai ke riƙe da karnukan Baba, kai ka san kansu. Wanne za mu ɗauka? Ka faɗa mini gaskiya, ko da yake ka gane nufina: so nake karen ya hana ka tafiya da shi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Bashira.

*

Mai Wurno
28 ga Rajab, 1386

Zuwa ga ƙanwata Bashira.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaida Baba gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina gaida Rafi'u maigidanki, Allah ya saka masa da alheri kan ɗawainiyar da yake yi. Bayan haka:

Kin nemi gaskiya, ga ta. Ku ɗauki saluƙi. Kare dai ƙafa ne da haƙori. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, haka nan ba ya kamuwa daga tsaye. Karen da mai shi ya yarda cewa tsayawa yake in ya ji nama, ɗayan biyu ne: ko matsoraci, ko kuwa yana ganin abin da mu ba ma gani, Allah ya tsare. Baba bai taɓa ciyar da irin wannan ba. A gabana ya ba da wata karya kyauta don kawai ta yi turus a gaban gafiya. Kai masa irinsa cin fuska ne.

Game da zaman gida, a yi masa rumfa a waje, kada ya shiga ɗaki. Kwanonsa daban. In ya sa baki a naku a wanke sau bakwai. Karen farauta halal ne riƙe shi, kada kowa ya ruɗe ku.

Amma Bashira, kada ki wahalar da kanki. Babu karen da zai riƙe Baba a garin da ba nasa ba. Na riga na gina masa ɗaki kusa da nawa, ƙofarsa tana kallon kogi. Ke kin yi naki, shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Ki bar ni ni ma in sami ladan.

Wassalam.
Yayanki, Na'ibi.

*

Karantina, Jidda
20 ga Sha'aban, 1386

Yaya Na'ibi,

Sallama da gaisuwa, a shafa mini kan yara. Takardarka ta zo da hukuncinta kamar daga bakin alƙali. Na gode, amma ka san halina, gani ya kori ji. Na sa an kawo su duka biyun mu gwada na wata guda.

Saluƙin naka kyakkyawa ne, ba musu. Tafiya yake kamar ɗan sarauta, ba ya kallon kowa. Jamilatu ta miƙa masa hannu, ya kau da kai. Daren farko ya tsallake katangar kwano ya kashe zakaran maƙwabta, na kwana ina ba da haƙuri. Yanzu a ɗaure yake, ya ƙi cin abinci, sai zagaya turke.

Na Baturen kuwa, wawa ne na ƙarshe a gida. Jamilatu ta ja kunnensa, ta hau bayansa, ta ɗaura masa ɗankwalina, shi dai sai kaɗa bindi. To ran kwana na uku sai ga abin da ake faɗa. Muna zaune da maƙwabciyata Maimuna da wasu mata ana tsintar shinkafa, kawai ya sandare yana fuskantar bango, ƙafa ɗaya a sama, bindi a miƙe, ko ƙiftawa ba ya yi. Babu komai a bangon, Yaya. Maimuna ta watsar da tire ta ce, "A'uzu billahi, ya Bashira, wallahi karen nan jinnu yake gani!" Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta watse, har da mai barin takalmi. Da na leƙa bayan katangar, kazar Maimuna ce kwance kan ƙwai. Aljanin ke nan.

Hayaniyar ce ta fito da Baba. Ka ji da kyau: ya fito. Ya dogara sanda har bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon karen, sannan ya ce, "Wannan kare ne ko turke? Kai Tsayau, ubanka ma haka yake farauta?" Sunan ya bi shi. Tun ranar kullum da hantsi sai ya sa an shimfiɗa masa buzu a ƙofa don ya zage shi. Shi kuma Tsayau sai ya zo ya kwanta daidai inda sandar ba ta kaiwa, ya ɗora haɓa a ƙasa yana sauraro.

Wani maƙwabcinmu ɗan Yaman ya zo yana faɗan najasar kare. Baba ya zaunar da shi, suka yi awa guda ana jan mazhaba, har na kai musu shayi sau biyu. Rabon da in ji muryar Baba ta ɗaga haka tun muna gida.

Kada ka ɗauka ya sauya ra'ayi. Har yanzu saluƙin yake yabo, har yanzu yana ƙirga watanni. Ya dai yarda bayan sallah a kai shi Ɗa'ifa ya ga gudunsa sau ɗaya kafin ya bar ƙasar. Haka ya faɗa, kafin ya bar ƙasar, kuma a gabana.

Taka, Bashira.

*

Mai Wurno
12 ga Ramadan, 1386

Bashira,

Bayan sallama da barka da shan ruwa. Na yi murna da jin Baba yana fitowa ƙofa. Amma ban yarda da zancen Ɗa'ifa ba. Dutse da sanyi ba wurin mai karayar ƙugu ba ne. In ya sake faɗuwa, wa za ki ce ya jawo?

Na tambayi tsoho Mahmudu, wanda ya yi wa Turawa aiki a Sinnar. Ya ce ya san irin karen. Ba tsoro ba ne, haka aka koya musu: su nuna inda tsuntsu yake, mai bindiga ya harba. Na janye kalmar matsoraci. Sai dai Baba ba shi da bindiga, bai kuma taɓa ƙaunarta ba, don haka karen ba shi da amfani a wurinsa. Magana tana nan inda na ajiye ta.

Takarduna sun fito. In Allah ya so jirginmu zai taso cikin Zulƙida. Ki fara haɗa masa kayansa.

Na'ibi.

*

Karantina, Jidda
8 ga Shawwal, 1386

Yayana,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ka yafe mini, takardarka ta zo ban bi ta ba. Baba ne ya ce ko a kai shi ko ya tafi da ƙafarsa, ka kuwa san shi.

Mun je ran huɗu ga sallah a motar ɗaukar kaya, karnuka a baya, Baba a gaba naɗe cikin bargo biyu. Tun cikin azumi ya sa Baban Jamilatu ya samo masa wani reshe mai lanƙwasa, ya zauna ya fere kere irin wanda kuke jifan zabi da shi. Abdulghani ya kai mu wani kwari bayan lambunsa, duk duwatsu da ƙananan ƙayoyi. Ni ina gindin wata bishiya da Jamilatu, komai a idona aka yi.

Aka fara sakin saluƙi. Ba a jima ba zomo ya tashi. Yaya, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Baba ya saki kirarin nan nasa da ƙarfi, ya manta kansa ya ɗaga ƙafa zai bi. Taku biyu ya yi. Kafin ya yi na uku kare da zomo sun haye tudu sun ɓace, Abdulghani ya bi su yana kira. Baba ya tsaya yana kallon tudun. Sannan ya lallaɓa ya zauna kan dutse, ya ajiye keren, ya ce, "Halas, shi ke nan. Rafi'u, juya motar." Na san a ransa ya riga ya hau jirgi, ni ma a raina na sallama.

Ba wanda ya kula da Tsayau. Ashe yana can yana saƙa kwarin, ya yi dama ya yi hagu, hanci a iska. Can sai ya sandare, kamar taku arba'in daga inda Baba yake. Baba ya ce a rabu da shi, zai gaji. Baban Jamilatu ya tafi ya juyo da mota, ya dawo, kare yana nan. Aka naɗe tabarma, yana nan. Jikinsa har rawa yake don son ya afka, amma bai motsa ba. Sau ɗaya kawai ya juyo da ido, ba kai ba, ido, ya dubi Baba, ya mayar.

Baba ya ɗauki keren. Baban Jamilatu ya matso zai riƙe shi, ya ce, "Kauce." Sanda a hagu, kere a dama, ya shiga ja da ƙafar nan tsakanin duwatsu. Ya tsaya ya huta sau uku. Da shayi na ɗora lokacin da ya tashi, da ya tafasa kafin ya isa. Ni dai addu'a nake kada tsuntsun ya tashi, kada karen ya gaji, kada Baba ya faɗi.

Ya isa. Ya tsaya daf da karen, ya gyara tsayuwa, ya ce masa wani abu a hankali. Tsayau ya yi taku ɗaya, sai makwarwa kusan bakwai suka tashi fir daga ƙarƙashin ƙaya, a gaban Baba kamar ya miƙa hannu. Ya yi jifa. Bai samu ba, ƙarfin jifan ma ya zaunar da shi a ƙasa. Muka ruga, muka tarar yana dariya har da hawaye, hannunsa a wuyan karen. Ya dube ni ya ce, "Bashira, shekara hamsin ina bin bayan karnuka a guje. Ban taɓa samun wanda ya jira ni ba."

Sau uku suka yi haka kafin azahar, sau uku yana kuskure. Ya ce laifin icen ne, ba shi da nauyi. Saluƙi ya dawo da zomonsa, Baba ya yaba masa sosai, ya ce wa Abdulghani ya riƙe abinsa, kare ne na saurayi.

Ban tambaye shi zancen tafiya ba, tsoro nake ji. Jiya ya ce in ba shi takarda da alƙalami. Ya rubuta da hannunsa, ya liƙe, ya ce in haɗa da tawa. Ban san abin da ke ciki ba. Ko mene ne, kada ka riƙe ni a zuciya.

Ƙanwarka, Bashira.

*

Na'ibi,

Bayan sallama. Allah ya yi maka albarka, na san ɗawainiyar da ka yi domina.

Ka zo ka yi hajjinka, ina ɗokin ganinka. Amma kai kaɗai za ka koma. Karnukanmu na gida gudu suka sani, ni kuwa gudu ya ƙare mini. In na dawo, a bakin zaure zan zauna ina kallon kuna fita. Na bar maka su halak malak.

In za ka taho, ka yanko mini kere biyu na icen kanya, masu nauyi. Na ji kunya sau uku a gaban kare, ba zan ƙara ba.

Mahaifinka.