Wadda Ta Nuna Hanyar Kogo

Sakkwato, Satumba 2021

Zuwa ga Yaya Malami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Kaka Turai da yara duka. Ya damina? Tunda aka yanke sabis a yankinmu ban ji muryar kowa ba, shi ya sa na koma takarda, na ba Zayyanu direba ya kawo maka.

Yaya, nemi wuri ka zauna. Ka san bidiyon tarihi da nake ɗorawa a intanet tun da na fara digiri na biyu, waɗanda kake kira wasan 'yan boko. Na Rabah da na hubbaren Wurno ba su samu 'yan kallo ba. Sai na ɗora wanda na ɗauka da Sallah, inda Kaka ta kai ni kogon bayan gari tana ba ni labarin yadda kakanninmu ke ɓuya a ciki zamanin yaƙe-yaƙe. Wannan kam ya bazu, har malamina ya kira ni ya yaba, kaina ya kumbura.

Ni tarihi kawai na gani. Har tabarmi da tuluna na tarar a ciki, ban tambayi kaina ko na wa ne ba. Yanzu na gane nan kuke kai mata da yara in ɓarayin daji sun shigo, ga shi na nuna hanyar tun daga rijiya har bakin kogon. Jiya wani marar suna ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa an gode da kwatance. Nan take na goge bidiyon, amma an riga an sauke shi a wayoyi ko'ina.

Don Allah kada kowa ya sake shiga kogon nan. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Mashkura

Sakkwato, Oktoba 2021

Yaya Malami,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Kaka, ya kuma firgici? Takardarka ta iso. Da na karanta cewa ɓarayin sun zo, sun wuce kogon kai tsaye, sun tarar ba kowa, sai na faɗi na yi sujada. Allah ya saka maka da ka kwashe mata da yara zuwa Goronyo.

Amma sauran takardar ta hana ni cin abinci. Ka ce wa jama'a rufin kogon ne ya tsage, ka ɓoye zancen bidiyo don kada a tsane mu. Yanzu gari na neman infoman da ya nuna wurin, kuma 'yan sa-kai sun kama Baffa Sa'adu, don kawai yana kiwo ta wajen. Mutumin da nonon gidansa muka sha muka girma! Kuma kana ce mini in yi shiru, wai ƙura za ta lafa. Mi za ya lafa? Ni da kai mun san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma.

Na san don ni ka yi, kuma ban taɓa yi maka gardama ba. Wannan karon ba zan bi maganarka ba. Ka faɗa musu gaskiya.

Taka,
Mashkura

Wurno, Oktoba 2021

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. A tsaye nake rubutu a tasha. Zayyanu ya ce ka karanta takardata ka jefa a murhu, kuma gobe bayan Azahar za a yanke wa Baffa Sa'adu hukunci.

Babu motar da ta yarda ta ɗauke ni yau, Zayyanu ma takardar nan kawai ya yarda ya ɗauka, amma na samu mai kabukabu da zai kawo ni da safe. Bidiyon na nan cikin wayata, ba ya buƙatar sabis. Fuskata ce a ciki, muryata ce ke cewa a bi ta dama da rijiya. Zan kunna shi a ƙofar mai gari kowa ya gani. Kaka ba ta da laifi, ba ta ma san inda hoton zai je ba, kuma haka zan faɗa.

Ban san abin da za su yi mini ba. Abu ɗaya nake roƙonka. Ka je wurin 'yan sa-kai ka ce su dakata, wadda suke nema tana tafe da ƙafarta.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Mashkura