Aljihun Rigar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko hannunka ne ya karye da ba ka rubutu.

Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Ka san Baba mai gidanmu ya rasu wata biyu ke nan. Shekaranjiya ina kan keken ɗinki sai ga babban ɗansa, ko zama bai yi ba, ya ce sun sayar da gidan, mu kwashe kayanmu nan da mako biyu. Mako biyu, Yaya! Shekara goma sha tara muna ɗakin nan, kuma yaron da ya faɗa mini haka ni na ɗinka masa kayan makaranta.

Ni ko a ƙarƙashin bishiya zan yi ɗinki, Inna ce damuwata. Tun da idonta ya rufe, da hannu take ganin gidan nan. Ta san taku tara ne daga gadonta zuwa ƙofa, daga nan ta kama igiyar da na ɗaura mata har banɗaki. Ina zan kai ta cikin mako biyu?

Na je ofishin da ake taimakon marasa ƙarfi kan shari'a. Wata lauya ta ce mai haya, ko ba takarda, sai an ba shi wata shida kafin a tashe shi. Amma wanda aka ajiye don alfarma baƙo ne, ranar da aka ga dama za a sallame shi. Ta ce in kawo rasit ko shaida. Har dariya na yi don takaici.

Ka san Baba aminin mahaifinmu ne. Watan farko da na kai masa kuɗin haya ya kau da kai, ya ce, "'Yar aminina ce za ta miƙo mini kuɗi a hannu?" Shi ne na koma karɓar rigarsa duk ƙarshen wata, in wanke, in goge, in sa kuɗin a aljihu in mayar. Bai taɓa cewa ya gani ba, ban taɓa cewa na sa ba. Amma wata bai taɓa ƙarewa bai aiko rigar ba, ko da fes take. Rasit ɗinmu ke nan.

Kana wurin ranar da ya ba mu ɗakin. Don Allah ka zo ka yi mini shaida.

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka tela

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na kuma fahimci abin da ta ƙunsa. A miƙa gaisuwata ga Inna, a gaya mata hannuna lafiya lau, aiki ne ya yi yawa.

Gaskiya ne ina wurin. Abin da kunnena ya ji shi ne, "Ku zauna, gidanku ne." Ba a ambaci haya a gabana ba, ban kuma taɓa ganin kuɗi ya shiga aljihu ba. Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, amma ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. In kuma na faɗi abin da na ji, su zan taimaka, ba ke ba.

Ba gori nake miki ba, amma za ki tuna tun a lokacin na ce a rubuta takarda, kika ce hakan rashin kunya ne ga dattijo. Yanzu ki nemi maƙwabta, shekara goma sha tara ba za a rasa wanda ya sani ba.

Batun Inna, na yi magana da matata, ba ta ƙi ba. Sai dai kin san a bene na uku muke, matakala arba'in da biyu, ɗaki ɗaya da falo, banɗakin kuma na gida huɗu ne. Allah ya kawo mafita.

Wassalam,
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da tunin takarda, dama shi kaɗai na rasa.

Na bi maƙwabta gida-gida kamar mai talla. Mai shago, mai faci, har ungozomar da ke bayanmu, bakinsu ɗaya: "Allah ya jiƙan Baba, shekara da shekaru ya riƙe ku bai karɓi ko kwabo ba." Ba ƙiyayya ba ce, Yaya, da hawaye suke faɗa. Shi ya riƙa gaya musu haka a bakin titi, don kada a ce yana cin kuɗin marayun amininsa. Sau nawa aka faɗa a gabana, aka sa masa albarka, na ce amin da bakina! Yau amin ɗin nan ce ta zama shaida a kaina.

Mutum ɗaya ya rage, Auta, ƙaramar 'yar Baba, wadda kafin aurenta ita ke shirya masa kayan sawa. Na rubuta mata. Lauya ta samo mana zaman sulhu ranar Laraba.

Inna ba ta sani ba tukuna. Jiya ma cewa ta yi in sake mata igiya, wannan ta fara tsinkewa.

Ƙanwarka

*

Yaya Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi. Na karanta wasiƙarki sau uku ina kuka.

Na sani, wallahi na sani. Ni Baba ke sawa in ciro kuɗin daga aljihu in sayo masa magani. Shekarun nan na ƙarshe da kuɗinki yake ci, don yayyena ba sa aiko masa komai, shi kuma ba ya iya roƙon 'ya'yansa.

Amma Yaya Tela, in na tashi a gaban mutane na faɗi haka, na mai da ubana maƙaryaci yana kabari, na kuma tona asirin yayyena. Ba za su sake kallona ba har abada, maigidana ma ya ce ba ruwana. Ban da gidan, sunan kirkin nan shi kaɗai Baba ya bari.

Na rubuto ne don kada ki ce na manta alherinki. Don girman Allah kada ki nuna wa kowa takardar nan. Ki yafe mini.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. An yi zaman, an gama.

Na je da wasiƙar Auta a jakata, ga kwafinta nan ka gani. Karon farko a rayuwata ina riƙe da takarda. Mai sulhu ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, kina da wata hujja cewa kina biyan haya?" Auta na zaune a bayan yayyenta, ta rufe fuska da mayafi. Hannuna na cikin jakar, har na taɓa takardar. Sai mai faci, da ya rako ni don tausayi, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, na zare hannuna.

Kada ka rubuto ka ce mini komai, na riga na gaya wa kaina duk abin da za ka faɗa, har da ƙari. Lauya ko sallama ba ta yi mini ba. 'Ya'yan Baba sun ƙara mana kwana goma, wai albarkacin zumunci.

Na gaya wa Inna. Ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi: matakala nawa ne a gidanka. Na rage mata, na ce ashirin.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Salam. Muna tafe ranar Asabar, ka samo masu ƙarfi biyu su hau da Inna. Keken zan bar shi wurin mai shago tukuna. Igiyar na kwance ta, ka duba mini inda za a ɗaura.

Rigar Baba ta ƙarshe tana wurina ya rasu, a goge, da kuɗin watan a aljihu. Jiya na kai wa 'ya'yansa ita yadda take. Babban ɗan ya laluba ya ji kuɗi, ya ce Allahu akbar, Baba har ya tafi aljihunsa bai bushe ba. Ya zaro rabi ya miƙo mini, wai sadaka ce, in yi kuɗin mota in yi wa Baba addu'a.

Na karɓa, Yaya. Ba mu da na motar.

Sai mun zo,
Ƙanwarka